Jan rubutun da ke firgita masu koyon Java

Matashin Abule Egba da ya sayo tsohuwar kwamfuta a Computer Village ta Ikeja don koyon Java, ba ya jimawa sai ya ci karo da jan rubutu: NullPointerException. Dalili kuwa, ya raɗa wa abu suna bai ƙirƙire shi da kalmar new ba, sannan ya aike shi, tamkar mai aiken ɗan da ba a haifa ba.

Tony Hoare, wanda ya ƙago wannan fanko da ake kira null a 1965, da bakinsa ya kira shi kuskuren dala biliyan a 2009.

Abin haushi, saƙon yana nuna lambar layin da matsalar take, amma masu koyo da yawa ba sa karantawa. Sai su goge komai, ko su ce kwamfutar ce ta tsufa.