Tawadar Allah: A Ajiye Aska, A Sa Ido

Da wuya ka shiga gida a Maiduguri ka rasa mai tawadar Allah. Wani tasa a kumatu take, wata a gefen leɓe, wani kuma a bayan wuya inda shi kansa bai taɓa ganin ta ba. 'Yan mata har da kwalli suke ɗiga ta ƙarya don ado, kuma idan yaro ya ɓata, da ita ake kwatance wajen cigiya a gidan rediyo. Saboda mun saba da ita, ba ma ɗaukar ta a bakin komai. Ni ma haka nake, har sai da abin ya zo gidanmu.

Ina da goggo a unguwar Gwange, mai tuyar ƙosai, wadda ba ta damu da takalmi ba in tana cikin gida. Wani baƙin ɗigo ya fito mata a tafin ƙafa. Da farko aka ce ƙaya ce, daga baya aka ce tawadar Allah ce. Da ya fara faɗi yana zubar da jini, sai aka kira wanzami ya yanke, aka tura naman a rami aka rufe. Ya dawo, aka sake yankewa. Maƙwabta suka ce sammu ta taka, wasu suka ce daji ne, kuma daji ba ya son allura. Ranar da na ce a tafi asibiti, cewa ta yi, “Haba ɗana, a kan ɗan tabo za a kai ni a yanke mini ƙafa?” Sai da kaluluwa ta fito mata a matsematsi sannan muka je. Likita ya ce sankarar fata ce, kuma ta riga ta bazu. Ba ta ƙara shekara ba. Allah ya jiƙanta.

Ya kai mai karatu, ban kawo wannan labari don in tsorata ka ba. Mafi yawan tawadar Allah ba ta da wata illa. Ƙwayoyin da ke ba fata launi ne suke taruwa wuri guda, shi ke nan. Haka ma tabon da ake haihuwar yara da shi. Shuɗin tabon nan da ake gani a ɗuwawun jarirai yakan dushe da kansa kafin yaro ya isa shiga makaranta. Jan tsiron da ke fitowa a makonnin farko, wanda tarin ƙananan jijiyoyin jini ne, yakan girma na wasu watanni sannan ya riƙa motsewa a hankali, sai dai in yana kusa da ido ko hanci ko baki, wannan likita ya kamata ya gani da wuri. Akwai kuma wanda ba ya gushewa, irin na goshin Mikhail Gorbachev, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, wanda ya rayu da nasa shekara 91. Ba kwaɗayin uwa lokacin goyon ciki ke kawo su ba, balle a ɗora mata laifi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mun ɗauka sankarar fata cutar Turawa ce. Gaskiya ne ta fi kama su, amma ba ta bar mu ba. Nau'in da likitoci ke kira melanoma, a jikin baƙar fata ya fi son wuraren da ba a dubawa: tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a 1977 aka ga baƙin tabo ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, aka zaci raunin ƙwallo ne. Likitoci sun ba shi shawarar cire yatsan, bai yarda ba. Cutar ta bazu, ya mutu ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.

To, yaya za a bambanta? A 1985 wasu likitocin Jami'ar New York ta Amurka suka tsara alamomi 4, aka ƙara ta 5 a 2004. Na ɗaya, in an raba tabon biyu, ɓangarorin ba su yi kama da juna ba. Na biyu, bakinsa ba a daidaice yake ba, ya yi tsage-tsage. Na uku, launinsa ya gauraya, baƙi da ja da toka-toka. Na huɗu, faɗinsa ya wuce milimita 6, wato kamar robar goge rubutu ta gindin fensir. Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci, yana canzawa: yana girma, yana ƙaiƙayi, yana jini, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa. Tawadar da ka girma da ita tana nan yadda take, bar ta. Wadda ta fito da girmanka kuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba, kai ta a duba.

Ba gaba nake yi da wanzamai ba. Sana'ar gado ce, kuma su suka yi mana aski da kaciya. Amma aska ba ta ganin abin da ke cikin nama. A asibiti, in an cire tabo, ana haɗawa da ɗan naman gefensa a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita, a san ko sankara ce, a kuma san zurfin da ta yi, domin zurfin ne ke nuna haɗarinta. Naman da aka binne a bayan gida ya tafi da amsar. Ga shi kuma fatarmu na saurin yin tudun tabo bayan yanka, wanda yakan fi tawadar muni. Haka batun yake ga masu ƙona ta da ruwan batir ko man bilicin.

Na san za a ce asibiti sai mai kuɗi. Ban musa ba, tsada akwai ta. Amma mun lissafa abin da muka kashe wajen masu magani cikin shekara ɗaya da rabi, ya ninka kuɗin ƙaramin aikin da za a yi tun tabon bai kai ƙwayar wake ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda aka buɗe a 1983, yana da likitocin fiɗa da sashen gwajin nama. Ga shi a ƙofar gidanmu, mutane daga Chadi da Kamaru da Nijar ma zuwa suke yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙarshe ina kira gare mu ɗaliban Hausa. Kalma ɗaya muke kiran abubuwa da yawa da ita, mai illa da maras illa duk tawadar Allah ce, kuma wannan sunan mai daɗi shi ya kwantar wa danginmu hankali. Aikinmu ne mu zauna da 'yan'uwanmu ɗaliban likitanci mu tsara bayanin da tsohuwa a Gwange ko Bulumkutu za ta fahimta, da Hausa da Barbarci, mu kai shi rediyo da majalisun wanzamai. Wanzamin da ya san alamomin nan 5 zai iya cewa, “Hajiya, wannan ba na aska ba ne.”

Kafin nan, in kun je hutu, ku roƙi iyayenku su miƙo ƙafa ku duba tafin. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.