LAFIYA UWAR JIKI: Maganin ɗaukewar haila da abin da yake ci

A wannan mako za mu taɓo maganar da iyayenmu mata ba su cika yin ta a gaban mutane ba, wato halin da mace take shiga idan jinin al'ada ya ɗauke mata, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55. Wata takan wuce wannan lokaci salin alin. Wata kuwa zafi ne zai riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙe mata zane cikin dare ko da a sanyin hunturu, barci ya ƙaurace mata, gabanta ya bushe har kwanciyar aure ta zame mata azaba. A gida sai a ce tsufa ne, ko a ce iskoki, ko kuma a ɗora wa kishiya.

Ba ko ɗaya. Ƙwayayen mace ne suka rage fitar da wani sinadari da likitoci ke kira estirojin, kuma maganin da ake yi shi ne a mayar wa jiki kaɗan daga abin da ya rasa, ta ƙwayar sha, ko man shafawa, ko filasta da ake mannawa a fata. Macen da mahaifarta ke nan dole a haɗa mata da wani sinadarin, furojestaron, domin tun 1975 aka gano estirojin shi kaɗai yana jawo kansar mahaifa. Maganin tsoho ne: a 1942 Amurka ta amince da Premarin, wanda ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki.

Shekara da shekaru ana tallarsa a ƙasashen Turawa kamar maganin hana tsufa. A 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka, mai suna WHI, da ya ƙunshi mata sama da 16,000, bayan an ga cikin kowace mace 10,000 masu shan maganin ana samun ƙarin 8 masu kansar nono a shekara, da ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki. Mata suka watsar da shi don tsoro. Daga baya aka lura matsakaicin shekarun matan da aka gwada 63 ne, yawancinsu sun daɗe da daina al'ada. Abin da likitoci suka tsaya a kai yanzu shi ne, mace mai lafiya wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar jini ba, in alamomin suna wahalshe ta, amfaninsa ya fi haɗarinsa, yana kuma kare ƙashi daga karaya. Amma ba ya mayar da tsohuwa yarinya, duk wanda ya ce haka kuɗinki yake so.

To, a ƙasarmu ina matsalar take? Tana ga aljihu. Wannan ba kinin ba ne da za a sha kwana uku a huta. Saye ne na kowane wata, wani lokaci shekaru. Daga waje ake shigo da shi, a farmasi ake samunsa da takardar likita. Kafin nan kuma sai an auna hawan jini, an duba nono da mahaifa, an tabbatar ba ta taɓa kansar nono ko daskarewar jini ko ciwon hanta ba. Matar da ke ƙauyen Tasawa ko Madawa sai ta haɗa da kuɗin mota zuwa Maradi ko Tawa, wata sa'a har Yamai. Mafi ƙarancin albashi kuwa jika 42 ne tun 2024, ga wanda ma yake da albashin.

Gwamnati ta yi abin a yaba. Tun 2005 da 2006 aka mayar da aikin fiɗa na haihuwa, da awon ciki, da tazarar haihuwa, da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma a 2024 aka rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati. Sai dai mai karatu ya duba jerin da kyau: kusan dukansa na mace mai haihuwa ne. Ranar da ta gama haihuwar ƴaƴa bakwai ko takwas, sai tsarin ya manta da ita. A ganinmu ko horar da ungozomomin asibitocin karkara kan wannan al'amari ba zai ci wani abin kirki ba, ga shi kuma mata sun fi sakin baki da su.

Kada tsada ta kai uwargida wurin ƴan tallar magani na bakin tasha. Ƙwayar tazarar haihuwa ba ita ce wannan magani ba, kuma tana iya cutar da mai hawan jini. Wadda bushewar gaba ce kawai damuwarta, akwai ɗan man estirojin da ake sa wa a wurin, mai ƙarancin haɗari. Wadda kuma ta ga jini bayan ta shekara cur ba ta ga al'ada ba, kada ta ce ƙuruciya ce ta dawo. Ta je asibiti a wannan makon a duba mahaifarta.