Kuɗin Wankin Bargo Ya Tashi: Mu Yi Lissafi Kafin Mu Yi Fushi

An yi hutu, 'yan makarantar kwana sun dawo gida da akwatuna, kuma a ƙasan kowane akwati akwai wani ƙullin da kowa ke kau da kai daga gare shi: bargo, zanin gado, rigar filo da gidan sauro, waɗanda suka sha zango guda cur.

A makon jiya mun raka wani ƙaninmu shagon wanki na unguwarmu da bargonsa mai ninki biyu. Da mai shagon ya faɗi kuɗin, sai yaron ya sake tambaya, yana zaton bai ji daidai ba, don abin ya yi nisa da wanda ya saba biya. Ya ce, "Haba Baba, bargo ɗaya ne fa!" Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, a wurinka ɗaya ne. A wurin inji, shi kaɗai ne lodi." A hanyar gida yaron ya yanke shawarar komawa makaranta da bargon yadda yake, ya ce ai ba wanda zai leƙa. Wannan shawara ce ta sa muka ɗauko zancen yau, domin mun san ba shi kaɗai ne zai yanke ta ba.

Mu fara da maganar dattijon. Injin wanki irin wanda aka saba gani yana ɗaukar kaya kilo 6 zuwa 8. Da riguna za a zuba masa, zai ci ashirin ko fiye, kuma kowace da kuɗinta. Babban bargo kuwa shi kaɗai yake cika cikin injin. Ke nan duk lokacin da mai shago ya saka bargonka, ya haƙura da kuɗin waɗancan riguna na tsawon wannan zagaye, dole ya nemi madadinsu a kanka.

Sai ruwa. Zagaye ɗaya na inji kan sha lita 50 ko fiye, wato jarka biyu mai cin lita 25 irin wadda 'yan garuwa ke turawa a kura. A unguwannin da famfo ya daɗe da bushewa, ruwan nan daga rijiyar burtsatse yake fitowa, burtsatsen kuma da wuta ko da mai ake tayar da ita. Idan mai ya hau, ruwa ma ya hau.

Shi kuwa mai, kun san labarinsa. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a yawancin jihohi cikin kwanaki kaɗan, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sassauta riƙon da yake yi wa darajar naira. Dalar da ake canzawa a hukumance kan kusan naira 460 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Injinan wanki da kayan gyaransu daga waje ake shigo da su, haka ma wasu sinadaran da ake haɗa garin sabulu da su, don haka duk sun bi dala.

Wutar lantarki ma ba ta tsaya ba. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki, ta ƙara wa masu rukunin A kuɗin wuta daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Rukunin A su ne waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Shagon da ke wannan layi yana biyan wuta da tsada, wanda ba ya kai kuma yana ƙona mai a janareta.

Yanzu 'yan ajin kimiyya ku ɗauko biro. Abin da ya fi cin wuta a harkar wanki shi ne zafi, musamman wajen busarwa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma kafin kilo ɗaya na ruwa ya zama tururi yana buƙatar ƙarfin zafi kimanin kilojul 2,260. Yunit ɗaya na wuta kilojul 3,600 ne. A ce bargonka ya fito daga wanki riƙe da lita 4 na ruwa. Ninka 2,260 sau 4, ka samu 9,040, ka raba da 3,600, ka samu kusan yunit biyu da rabi. A tsohon farashi kusan naira 170 ke nan, a kan naira 225 kuwa ya haura naira 560. Wannan na korar ruwan ne kawai, ba a saka zafin da ke zurarewa a banza ba, ba a saka juya injin ba, balle sabulu, hayar shago da ladan yaran da ke aiki. Ko wanda ke wanki da hannu bai tsira ba, don shi ma ruwa da sabulu yake saye, ga gawayin guga.

To, tunda mun gano inda kuɗin ke tafiya, za mu iya tare shi a hanya. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne barin wanki. Mutum kan shafe kusan kashi ɗaya cikin uku na kwanansa a kan shimfiɗa, yana zubar da gumi da maiƙon jiki da ɓurɓushin fata. A ɗakin da ɗalibai da yawa ke kwana gado kusa da gado, ana aron bargo ana aron filo, ƙazuwa da makero da kwarkwata suna samun hanyar yawo. Wanda ya taɓa kwana yana susa ana gobe jarrabawa ya san kuɗin magani da asarar barci sun fi kuɗin wanki ciwo. Rigakafi ya fi magani.

Dabara ta farko ita ce a raba bargo da jiki. Ka shimfiɗa zani a ƙasa, ka lulluɓa da wani zanin, sannan bargo ya hau sama. Idan da hali, tela zai iya ɗinka wa bargon riga da tsofaffin zannuwa biyu, a bar baki ɗaya a buɗe. Zanin ne zai sha dattin, shi kuma bokiti ɗaya ya ishe shi. A wanke zani da rigar filo kowane mako, shi bargo sau ɗaya a zango ya wadatar idan ba wani abu ya zube a kansa ba.

Ta biyu, a bar rana ta yi aikin injin busarwa. Waccan yunit biyu da rabi da muka lissafa, rana da iskar hunturu suna bayar da ita kyauta, domin iskar wannan lokaci busasshiya ce, tana zuƙe ruwa da sauri. A wanke da sassafe, a shanya a kan igiya biyu don iska ta ratsa tsakani, a juya shi da azahar, a kakkaɓe ƙura kafin a naɗe. Da damina kuwa sai an yi hattara, don bargon da aka naɗe da sauran danshi zai yi fumfuna da wari. Shi ya sa hutun nan ne lokacin babban wanki.

Ta uku, wankin gida. A jiƙa bargon a babban baho na rabin awa, a tattake shi da ƙafafu masu tsafta, a ɗauraye har kumfa ta ƙare. Kada a cika sabulu, don duk wanda ya yi yawa ruwan ɗauraya zai ci. Wajen matsewa a nemi mataimaki, kowa ya kama gefe guda a murɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A fara duba 'yar takardar da ke ɗinke a gefen bargon, domin na ulu yana tsukewa idan ya ji ruwan zafi.

Idan kuma dole sai an kai shago, ku tambayi kuɗin wanki zalla, ku ce za ku shanya da kanku, tunda bargo ba ya buƙatar guga. Ku haɗa kayanku da na abokai ku nemi ragi, ku kuma daidaita farashi kafin a jiƙa kayan.

Akwai lokacin da bai kamata a yi tsimi ba. Idan ƙazuwa ta shigo ɗaki, sai an je wurin ma'aikacin lafiya, kuma a wanke kayan shimfiɗa da ruwan zafi a ranar da aka fara magani. Abin da ba zai wanku ba a ɗaure shi cikin leda na kwana uku zuwa mako guda, domin ƙwaron ba ya daɗewa idan ya rabu da fatar mutum. Wannan dabara ba ta aiki a kan kuɗin cizo, shi yana iya shafe watanni bai sha jini ba, kuma a ramukan gado da ɗinkin katifa yake ɓuya. Wannan sai a sanar da shugaban ɗaki da malamin da ke kula da ɗakunan kwana, a yi maganin ɗakin gaba ɗaya.

Ƙanin namu dai bai koma da bargonsa da datti ba. Ranar Asabar ya sayi jarka uku, ya ɗauko bahon Umma, shi da yayarsa suka tattake suka matse, kafin la'asar bargon ya bushe. Ga aikin gida: ku tambayi kuɗin wankin bargo a shagon unguwarku, ku lissafa abin da ruwa da sabulu za su ci idan a gida aka yi, ku aiko mana da bambancin tare da sunan garinku. Za mu kawo wasu daga ciki a mako mai zuwa.