Kogin Nilu: Baƙi masu kwale-kwale sun yi gaba, an bar mutanen Jinja da tafki

Akwai wata irin tafiya da matasan Turai, Amurka da Afirka ta Kudu suka daɗe suna yi a gabashin Afirka. Abokai huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi tsohuwar mota, su ɗaure ƙananan kwale-kwalen roba a samanta, su bi hanya daga wannan kogi zuwa wancan. Ba kamun kifi ke kai su ba, ba kuma fito ba. Suna neman wuraren da kogi ke gangarowa da ƙarfi a kan duwatsu, ruwa na tafasa yana farin kumfa, su faɗa ciki da gangan.

Kwale-kwalen nasu, wanda ake kira kayak, mutum ɗaya yake ɗauka. Mai tuƙi na sanye da hular kwano da rigar hana nutsewa, yana riƙe da filafili mai baki biyu. In ruwa ya kifar da shi, ba ya fita, murɗa jiki yake yi ya dawo sama da jirgin nasa. An kasa haɗarin gangaren ruwa mataki shida, na shida shi ne wanda ko gwanaye ke sauka su ɗauki jirgi a ka su zagaye ta tudu. Shi ya sa ba a tafiyar sai da abokai: ɗaya na ciki, sauran na bakin dutse riƙe da igiyar ceto.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai wasan waɗanda suka ƙoshi ne, kuma da gaskiyarsa. Sai dai abin da ya faru da babban zangon wannan tafiya, wato garin Jinja na ƙasar Yuganda, ya wuce batun wasa. Batu ne na alƙawarin da gwamnati ta ɗauka a rubuce, da kuma wanda ke biyan bashin idan aka saɓa.

Jinja na da nisan kilomita 80 gabas da Kampala, daidai inda Kogin Nilu ke fita daga Tafkin Biktoriya. Ruwan na da ɗumi, ga yawa, kuma ba ya ƙafewa da rani, saboda haka ana iya wasan duk shekara. Tun tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni suka fara ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a manyan jiragen roba suna gangara kogin da su. Sannu a hankali samarin ƙauyukan bakin ruwa, waɗanda da yawansu 'ya'yan masunta ne, suka koyi sana'ar. Suka zama 'yan rakiya da masu ceto, wasu har suka wakilci ƙasarsu a gasar duniya. Bayan su akwai 'yan acaɓa, masu masauki, masu sayar da abinci, masu ɗaukar hoto.

Madatsun ruwa sun riƙa cin kogin gaɓa-gaɓa. Ta Owen Falls, da aka kammala a 1954, ta haɗiye magangarar Ripon. Ta Bujagali mai megawat 250, da ta fara aiki a 2012, ta shafe gangaren Bujagali, wurin da ƙabilar Basoga ke girmamawa a al'adarsu tun kaka da kakanni.

A kan Bujagali ne aka yi alƙawarin. Bankin Duniya na cikin masu tsaya wa aikin, kuma a 2007 ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Yuganda cewa tunda za a rasa Bujagali, to a keɓe yankin Kalagala da ke ƙasa da shi, a kare shi saboda muhalli, al'ada da yawon buɗe ido. Ma'ana, an ce wa mutanen yankin: ku haƙura da wannan, wancan naku ne. Kamfanonin suka matsa gaba, samari suka bi su, aka ci gaba da nema.

Ba a yi shekara goma ba aka fara gina wata madatsar a Isimba, mai megawat 183, da rancen bankin Exim na ƙasar Sin, ba da kuɗin Bankin Duniya ba. Da aka cika tafkinta a ƙarshen 2018, ruwa ya koma baya ya shiga wani ɓangare na yankin da aka ce an keɓe. Cikin abin da ya nutse har da igiyar ruwan da ake kira Nile Special, wadda gwanayen duniya ke yin tattaki musamman dominta, da tsibirin da suke sauka kusa da ita. Maganin da aka samo shi ne a gyara takardar, a ja iyakar yankin zuwa wani wuri. An ƙaddamar da Isimba a watan Maris na 2019.

Babu mai hankalin da zai ce a bar asibiti cikin duhu don baƙo ya yi wasan ruwa. Miliyoyin 'yan Yuganda ba su da lantarki a gida, kuma ƙasar da ba ta da wuta ba ta da masana'antu. Duk wanda ya kwana cikin zafi yana jin ƙarar janaretan maƙwabci ya san wannan ba sai an faɗa masa ba. Masu adawa da madatsa daga waje su ma sukan ɓata hujjarsu, don sau da yawa sun fi kukan igiyar ruwa fiye da kukan mutanen da ke bakinta.

Amma gardamar Isimba ba ta tsaya kan a gina ko kar a gina ba. Mazauna yankin da masu kamfanonin sun nemi a rage tsayin madatsar, a samu wuta ƙasa da wadda aka tsara, a bar gangaren da rai. Gwamnati ta zaɓi mafi tsayi. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa zaɓin ke da wuyar karewa: bayan kammala madatsar Karuma mai megawat 600 a 2024, ƙarfin wutar da Yuganda ke iya samarwa ya kai kusan megawat 2,000, alhali abin da ake ja a lokacin da buƙata ta fi yawa bai wuce kusan rabin haka ba. Matsalar ta koma ta turaku da wayoyin kai wuta gidaje, da kuma tsadarta. An nutsar da sana'ar da ke ciyar da mutane yau domin wutar da ba a gama shimfiɗa hanyar kai ta ba. Ita kanta Isimba sai da aka rufe ta na wani lokaci a watan Agustan 2022, bayan ruwa ya malale ɗakin injinanta.

Wannan labari ba baƙo ba ne a Arewa. Gangaren Bussa da ke Kogin Kwara, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin Tafkin Kainji tun 1968, tare da tsohon garin. An tashi dubun-dubatar mutane, kuma har yau al'ummomin da ke zagaye da madatsun jihar Neja na kokawa kan ambaliya da ƙarancin wutar da ake samarwa a ƙofar gidansu.

A Jinja wasan bai mutu ba. Gangaren Itanda na nan, ana kuma ci gaba da ɗaukar baƙi, sai dai tafiyar ta gajarce. Bambancin shi ne, baƙon da ya zo da mota yana da zaɓi. In kogi ya kwanta, sai ya ɗaure jirginsa ya nufi kudu, ya ratsa Tanzaniya, ya tsallaka iyaka a Tunduma, ya wuce Lusaka har Livingstone, tafiyar da ta haura kilomita 2,500. Saurayin da ya bar komar mahaifinsa ya shekara goma yana koyon karatun ruwa, shi ba shi da mota, ba shi da biza, kuma gwanintarsa ta gangaren da ya sani ce dutse bayan dutse. Mai gona aƙalla ana auna filinsa a biya shi wani abu, komai ƙanƙantarsa. Sana'ar da ke kan ruwa ba ta da iyakar da ma'auni zai kama.

Can Livingstone ma, inda abokan ke sauke kaya, maganar ɗaya ce ke jira. Ƙasa da magangarar Biktoriya, Kogin Zambezi na ratsa kwazazzabon Batoka, mai gangare sama da ashirin da aka laƙaba wa lambobi, kuma lokacinsa shi ne daga Agusta zuwa Disamba, sa'ad da ruwa ya ja. Zambiya da Zimbabuwe na da shirin gina madatsa mai megawat 2,400 a wannan kwazazzabo, kuma tafkinta zai kwantar da mafi yawan gangaren. An ba da kwangilar a 2019, aikin ya tsaya, daga baya aka koma neman sabbin 'yan kwangila. Farin 2024, da ya janye ruwan Kariba har wasu unguwannin Lusaka ke samun wutar awa uku kacal a rana, ya ƙara wa masu son aikin ƙarfi, ya kuma ba masu adawa hujjar tambaya: ina hikimar sake jingina da kogin da ya riga ya gaza? 'Yan dakon da ke hawa da sauka kwazazzabon ɗauke da jirage a ka, su dai har yanzu ana lissafa su ne a shafin yawon buɗe ido, ba a shafin diyya ba.