Abin da ke kashe himmar mai sana'a a gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da wuya ka shiga layi a Kano ko Zariya ko Gusau ba ka tarar da gidan da ya koma rabin shago ba. Wannan tana haɗa turaren wuta da humra, waccan tana soya cincin da dubulan, ma'aikacin da albashinsa ya daina kai shi tsakiyar wata ya ajiye firiza a zaure yana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Ana farawa da zafi, hotuna cike da WhatsApp, sai bayan 'yan watanni ka ji shiru. In ka tambaya a ce ai ta gaji, ko a ce shi dama ba shi da naci. A kan wannan hukunci ne masu laccar ƙarfafa gwiwa suka kafa tasu kasuwar a Facebook da TikTok: ki tashi da asuba, ki yarda da kanki, kada ki sare. Ni ina ganin an ɗora laifin inda ba nan yake ba. Himmar mai sana'a tana bin ribar da idonsa ke gani, kuma babbar matsalar sana'ar cikin gida ita ce babu shinge tsakanin gidan da sana'ar, ta fuskar kuɗi da lokaci da hulɗa da dangi. Inda babu wannan shinge riba ba ta fitowa fili ko da akwai ta, wanda kuwa ya yi wata shida yana wahala bai ga abin da ya tsira da shi ba, jikinsa zai mutu komai yawan laccar da ya saurara.

Batun lalaci ma bai kamata ya taso ba, domin ciniki daga cikin gida ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 cewa akwai wata ɓoyayyiyar kasuwa a cikin gidajen ƙauyen, inda matan kulle ke saye da sayar da hatsi da man gyaɗa da abinci ba tare da sun taka waje ba. A ƙarshen shekarun 1970 Enid Schildkrout ta bi sawun irin wannan ciniki a birnin Kano, ta nuna yadda ya dogara kacokan a kan yara 'yan talla. Abin lura a wancan tsari shi ne yana da nasa shingen. Ciyarwa a wuyan miji take, dukiyar mace kuma tata ce kamar yadda shari'a ta tanada, har ba abin mamaki ba ne maigida ya sayi fura ko ƙuli-ƙuli a hannun matarsa ya biya. 'Yar talla tana dawowa za a zube kuɗi a tabarma a ƙirga a ranar, a ware uwar kuɗi, a ware riba. Ribar kuma ba ta ɓuya: tana komawa jeren kwalla da tasoshi a ɗaki, ko akuya a turke, ko zubin adashi. Mace na iya nuna wa ƙawarta da yatsa abin da sana'arta ta haifa a shekara. Ba kewar talla nake yi ba, domin 'yan mata da yawa sun rasa makaranta a dalilinta, wasu sun gamu da abin da ya fi haka muni. Amma lissafin yamma da ribar da ake iya taɓawa da hannu, su ne suka riƙe waɗancan mata shekara da shekaru a kan sana'a ɗaya.

Yau wannan shinge ya rushe ta ko'ina. Hauhawar farashi, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, ta sa kuɗin cefanen da maigida ke bari ba ya kaiwa la'asar, giɓin kuma daga cinikin uwargida ake cike shi. Ɗauki mai dambun nama da ta yi ciniki mai kyau ranar Alhamis. Kafin magariba an zari na magi da gawayi, yaro ya dawo da takardar kuɗin jarrabawa, ƙanwar miji ta turo saƙon kuɗin anko, an sayi data saboda a amsa wa masu oda. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya yi almubazzaranci, amma ranar Asabar da ta aika mahauta sai kuɗin ya sayo rabin naman da ya saba sayowa. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara dagula lamarin, domin ya tura kowa ga tiransifa. Da, kuɗin sana'a yana cikin gwangwaninsa daban a ƙarƙashin katifa. Yanzu asusu ɗaya ne a OPay ko Moniepoint ke karɓar kuɗin kwastoma da gudummawar biki da abin da yaya ya aiko daga Abuja, lamba ɗaya ce a fuskar waya, ba ta faɗa maka wanne ne jari wanne ne naka. Ga kuma asarar da ba a jin zafinta sai an je sari: an sayar da kaya a tsohon farashi ana murna, sai a isa kasuwar Singa ko Dawanau a tarar uwar kuɗi da ribar duka ba su sayi buhun da aka sayo a watan jiya ba. Wadda wannan ya faru da ita sau uku za ta ce sana'ar ba ta da albarka, alhali lissafi ne bai taɓa zama ba.

Akwai bincike da ke ƙarfafa wannan magana. A Accra da Tema ta ƙasar Ghana, masana tattalin arziki, ciki har da Marcel Fafchamps da David McKenzie, sun raba tallafin sidi 150 ga masu ƙananan sana'o'i. Wasu an damƙa musu tsabar kuɗi, wasu kuma an raka su an saya musu kayan sana'a na daidai wannan kuɗi. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa a cikin mata, waɗanda aka saya wa kaya ne ribarsu ta ƙaru, musamman masu sana'ar da ta riga ta ɗan kafu, na tsabar kuɗi kuwa kusan bai bar alama a sana'ar ba. Kuɗi ɗaya, mata iri ɗaya, bambancin kawai shi ne kaya sun fi wuyar zara. A Jamhuriyar Dominika kuma, wani gwaji da shi ma aka wallafa a 2014 ya kwatanta koyar da ilimin akanta na aji da koyar da 'yan ƙa'idoji masu sauƙi: a ajiye kuɗin gida da na sana'a a aljihun tebur biyu daban, mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, in ya ranci kuɗin sana'a ya rubuta ya mayar cikin 'yan kwanaki. Ƙa'idojin nan masu sauƙi su ne suka fi canza yadda mutane ke tafiyar da kuɗinsu, kuma sun fi amfanar waɗanda ba su da zurfin ilimin lissafi. Kakanninmu mata da ba su taɓa shiga aji ba, abin da suke yi a kan tabarma ke nan.

Abin da ya fi cefane cin jari shi ne bashin na gida. Mai shago a Kantin Kwari yana da fuskar kasuwa, yana iya cewa ba nasa ba ne, na maigida ne. Wadda ke sayar da atamfa a falonta ba ta da wannan mafaka, domin mai sayen ta shigo ne da sallama, an gaisa, an tambayi yara, an sha ruwa, sannan ta ɗaga turmi biyu ta ce, "Anti, bari in tafi da su, in an yi albashi kya ji alat." Wata ya mutu, wani ya kama, mai kaya na jin kunyar tambaya, mai bashi kuma ta fara sauya hanya in ta hango ta a gidan suna. Za a ce min ai wannan shi ne zumunci, kuma wanda ya hana ɗan'uwansa bashi saboda riba ya zama ɗan jari-hujja marar imani. Wannan magana tana da nauyi, domin dangin nan su ne kwastomomin farko, su ne kuma za su tsaya wa mutum ranar da ciwo ya kwantar da shi. Amma addinin da ake kafa hujja da shi bai ce a yi bashi a duhu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a sa masa lokaci. Kuma in aka duba da kyau, bashin da ba a rubuta ba shi ke raba zumunci, don ƙarshensa gaba ce da ƙananan maganganu a dangi. Wadda ta ware wani abu daga ribarta ta ce wannan na kyauta ne ga wanda ya rasa, sannan ta ce kayan sayarwa sai da kuɗi hannu ko da rubutu da rana, ta fi kusa da riƙe 'yan'uwanta da jarinta gaba ɗaya.

Lokaci ma haka yake zurarewa. Masu yabon aiki daga gida kan ambaci gwajin kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, inda aikin ma'aikatan da aka bari a gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sai mai ɗakin kansa da ba wanda zai dame shi aka sa a gwajin, kuma duk da haka kusan rabinsu sun zaɓi komawa ofis, da yawa saboda kaɗaici. Gidan Bahaushe ba kaɗaici ne damuwarsa ba. Tela mai keke a tsakar gida kowa na ganin ta a zaune, wanda ke zaune kuwa a ganinmu ba ya aikin komai, don haka ita za a bar wa yaran maƙwabta, ita za a aika gaisuwar mutuwa a madadin gida. Ɗinkin da ya kamata a gama da hantsi sai ya koma na tsakar dare, a zo ana saɓa alkawarin Sallah. Sa'o'i uku da kowa a gidan ya san ba a taɓa su sun fi yini guda na aiki a tsinke. Kuma ba dole su kasance na asuba ba yadda masu lacca ke nacewa. Mai injin markaɗe ko firiza agogonta na hannun kamfanin wuta na KEDCO ne, lokacin da aka kawo wuta shi ne safiyarta.

Hujja mafi ƙarfi da ke adawa da ra'ayina daga Togo take. A birnin Lome an yi gwaji da masu ƙananan sana'o'i 1,500, aka wallafa a 2017, inda horon da ya shafi halayyar mutum, wato zama mai fara abu da kansa da jure cikas, ya ƙara riba da kusan kashi 30 cikin ɗari, horon kasuwanci na gargajiya kuwa bai yi wani tasirin a zo a gani ba. Wannan ya nuna zuciya na da rawar takawa, ban kuma musa ba. Sai dai abin da aka koyar a Lome ba kirari ba ne. An sa mutane su zaɓi matsala takamaimai a sana'arsu, su tsara matakai, su nemo sabon kaya ko sabon mai saye, su dawo su faɗi abin da ya faru, sannan mai horarwa ya riƙa ziyartarsu na wasu watanni. Aiki ne da ake auna sakamakonsa. Wanda bai san ko ya ci riba a makon jiya ba, da me zai gane cewa sabuwar dabarar da ya gwada ta yi aiki?

Saura maganar talauci, wadda ita ce ba ni da cikakkiyar amsarta, kuma babu mai ita. Uwar da ɗanta ke kuka da zazzaɓi ba za ta tsaya kallon gwangwanin jari ba, za ta buɗe, kuma daidai ta yi. Shingen da nake magana a kai ba zai hana wannan ba. Abin da zai yi shi ne ya sa ta san nawa ta ɗauka, ta san rance ne, ta kuma iya nuna wa maigida a rubuce cewa dubu kaza na sana'arta ne suka tafi asibiti da cefane a wannan wata. Da yawa daga cikin maza ba mugunta ce ke sa su sakar wa mata nauyin gida ba, ba su taɓa ganin adadin a jere ba ne, kuma namijin da ke alfahari matarsa na sana'a amma ya rage kuɗin cefane daga ranar da ta fara, shi ne ya fi kowa hannu a karyewar jarinta. Gwamnatocin jihohi da 'yan majalisa masu raba wa mata tsabar kuɗi a filin taro da sunan jari su ma darasin Ghana ya shafe su. Kuɗin da aka miƙa a ambulan gaban kyamara, a gidan da babu shinkafa, tukunya zai shiga kafin dare. In da gaske ana so sana'ar ta tsaya, a sayi keken ɗinkin ko buhun gyaɗar a kai har gida, a haɗa matan unguwa cikin adashin da ranar kwasarsa ta dace da ranar sari, a kuma koma bayan wata uku a duba littafinsu.