JAKAR YARO BA MANGALAR JAKI BA CE

'Yan'uwa talakawa, maza da mata, yau za mu yi magana bisa wani abu wanda ido ya raina, amma kullum safiya yana kan bayan 'ya'yanmu, watau jakar makaranta.

Duk wanda ya ke sammakon kasuwa ya gan su. Yaro ɗan shekara 3 ko 4, an goya masa jaka ta sauko har cinya, yana tafe a sunkuye sai ka ce tsoho. In ya yi tuntuɓe, jakar ce za ta ƙarasa kayar da shi. Mai jaki ma ya san iyakar abin da dabbarsa za ta ɗauka, ba ya kuwa yarda mangala ta rinjaya gefe guda. To, ashe jaki ya fi ɗan da muka haifa samun tausayi?

Laifin nan kashi biyu ne. Na fari namu ne, mu iyaye. Mukan sayi babbar jaka mu ce ta kai shi har aji shida. Mun san dalili, kuɗi ba su samuwa. Amma jakar da aka saya don ɗan shekara 11, ɗan shekara 4 ne ke jan ta yau. Na biyu kuwa na waɗansu masu makarantun kuɗi ne, waɗanda su ke sayar wa iyaye tulin littattafai, su ce tilas a zo da su duka kowace rana. Ribar tasu ce, ciwon wuya da na kafaɗa na yaro ne.

Akwai ma'auni, ba shi da wuya. Masana lafiyar yara da yawa sun ce kada jaka da kayanta su wuce kashi 1 cikin 10 na nauyin yaro. Ɗan shekara 3 nauyinsa wajen kilo 14 ne, watau kayansa kada su kai kilo ɗaya da rabi. Ledar fiya wata uku ke nan, ba ƙari. Ɗan shekara 6 mai kilo 20, nasa kilo 2 ne. Mu 'yan kasuwa ba mu rasa sikeli. Wanda ya ke auna kayan sayarwa tun safe har magariba, me zai hana shi aza jakar ɗansa a kai sau ɗaya?

Kada a ce maganar ta yi ƙanƙanta ga hukuma. A ƙasar Indiya, cikin 1989, wani marubuci mai suna R. K. Narayan ya miƙe a majalisar ƙasa ya kai kukan yara bisa nauyin jaka. Aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Yash Pal, ya ba da rahoto cikin 1993. Sai cikin 2020 Ma'aikatar Ilmi ta ƙasar ta fid da ƙa'ida cewa jaka kada ta wuce kashi 1 cikin 10 na nauyin ɗalibi, 'yan nazare kuwa kada su ɗauki jaka sam. Shekara 31 ke nan tsakanin kuka da ƙa'ida. Mu ba za mu zauna jiran haka ba.

Saboda haka ga abin da mu ke kira. In za ka sayi jaka, tafi da yaron a gwada masa, kamar yadda a ke gwada takalmi. Kada ta fi bayansa faɗi, kada ta sauka ƙasa da ƙugunsa. Nemi mai maratayi biyu masu faɗi da taushi, a rataya su duka biyu, a ja su har jakar ta kwanta a baya. Abu mai nauyi a sa shi daga ciki, jikin bayan yaro. Igiyar da ke reto a ɗaure ta, don kada ta sarƙe a babur ko A Daidaita Sahu. Kada kuma a rubuta sunan yaro a waje, inda baƙo zai karanta ya kira shi kamar ya san shi.

Ku masu sayar da jaka, ku gaya wa mai saye gaskiya, ko da ƙaramar ce mai arha ta dace da ɗansa. Ciniki guda ba ya kai amana. Ku iyaye kuma, ran taron iyaye da malamai ku buɗe baki, ku nemi a ajiye littattafan ƙananan yara a aji. Kuɗinku ne ke riƙe da makarantar, kuna da ikon magana.

Yaro ba ya iya kai ƙara, sai dai ya ce ya gaji, mu kuwa mu ce ƙiwuya ce. Gobe da safe, kafin ya fita, ɗaga jakar nan da hannunka ka ji. Allah ya raya mana su, amin.