Haɓe ko Katsinawa? Kafin a Sake Duba Tarihin Maraɗi, a Fara Duba Kalmominsa

Ɗalibin da ya taso a Gangara ko Gazawa, in ya buɗe yawancin littattafan tarihin ƙasar Hausa na ƙarni na 19, zai iske kakanninsa a gefen labari. A can su ne "Haɓe", su ne "ƴan tawaye", su ne maharan da ke fitowa daga arewa suna hana Katsina da Kano barci. Amma in ya koma gida ya saurari maroƙa a ƙofar fada, zai ji ana kiran sarkin Maraɗi da Sarkin Katsina, ana kiran na Tsibiri da Sarkin Gobir. Mutane ɗaya ne, suna biyu, kowane suna kuma da hukuncin da yake ɗauke da shi. Ɗaliban jami'a da ke son sake duba tarihin wannan yanki sun kama hanya mai kyau. Sai dai aikin ba na masu tarihi ba ne su kaɗai, domin rashin fahimtar ya fara ne daga kalma, kalma kuwa gonar mai nazarin harshe ce.

Abin da ya faru a bayyane yake. Wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Umarun Dallaji ya zama sarki. Gidan sarautar da aka kora ya nufi arewa, ruwaya kuma ta ce a Dankama Magajin Haladu ya faɗa rijiya bayan an ci su da yaƙi. Ɗan Kasawa ya fake a ƙasar Damagaram, daga bisani, wajen 1819, ya zauna a Maraɗi bayan mazauna kwarin gulbi sun yi wa wakilin sabuwar gwamnati bore. Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A yaƙin Gawakuke na 1836 rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi, bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, a yankin da yau ke cikin gundumar Gidan Rumji. Waɗannan mutane ba su ɗauki kansu sababbin sarakunan wata sabuwar ƙasa ba. Sun tafi da sarautunsu: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi, waɗanda su ne rukunin masu zaɓen sarki a Maraɗi, tare da sarautar Iya ta mata. A ganinsu Katsina ce ta yi ƙaura, ba su ne suka bar ta ba.

To, daga ina "Haɓe" ta fito? Kalmar Fulatanci ce, jam'in Kaɗo, da irin sauyin baƙin farko tsakanin tilo da jam'i da aka san harshen da shi. Ma'anarta wanda ba Bafillace ba. Shi ya sa a Mali ake kiran Dogon da ita, a yammacin Nijar kuma ake kiran wasu masu jin Zabarmanci da tilonta. Ba sunan wata al'umma ba ce, iyaka ce da mai magana ke shatawa tsakaninsa da wanda ba nasa ba. Turawan mulkin Ingila suka tsince ta, suka mayar da ita kalmar ilimi, suka raba tarihin ƙasar Hausa gida biyu: zamanin Haɓe da zamanin Fulani. Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 da aka buga a Zariya a 1981, ya nuna yadda wannan rabo ke rufe ido ga abin da ya faru, tun da akwai Hausawa da yawa cikin jama'ar Shehu, ba kuma dukan Fulani ne suka bi tuta ba. Shekaru fiye da arba'in ke nan, amma kalmar na nan tana yawo cikin kundayen digiri ba tare da an tambaye ta takardar shaida ba.

Kalma ta biyu ta fi nauyi, wato "arna", ko "azna" da "anna" kamar yadda ake furta ta a yankin. Gaskiya ne akwai manoma masu addinin gargajiya a kwarin Maraɗi, Guy Nicolas ya yi dogon nazari a kansu, gaskiya ne kuma bori yana da gurbi a fada ƙarƙashin Iya a Maraɗi da Inna a Gobir. Amma sarakunan sun fito ne daga birnin Gobarau, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, inda Musulunci ya kafu ƙarnuka kafin jihadi. Ko a zamanin kansa batun wane ne Musulmi ba a rufe yake ba: Shehu al-Kanemi na Barno ya yi muhawara a rubuce da shugabannin Sakkwato a kai, Muhammadu Bello da kansa ya adana wasiƙun a Infaƙul Maisuri. Idan malaman wancan lokaci sun ɗauki maganar abin muhawara, ɗalibin yau ba shi da hujjar kwafo ta kamar sunan yanka.

A nan ne Ɗan Baskore ya zama misali. M. G. Smith ya rubuta maƙala kan Maraɗi a zamaninsa, daga 1854 zuwa 1875, ya bayyana ƙasa mai tsarin sarauta, da haraji, da runduna. A kudu kuwa abin da ya saura a bakin mutane shi ne harin da ya riƙa kaiwa ƙasashen Katsina da Kano da Zamfara. Duka biyun gaskiya ne. Bambancin yana cikin aikatau da aka zaɓa: wanda ya fito daga Katsina "ya yi yaƙi", wanda ya fito daga Maraɗi "ya kai hari". Mai nazarin harshe ya san cewa zaɓen aikatau ba ya rasa dalili. Ya isa ɗalibi ya ɗauki babi ɗaya na littafin tarihin makaranta, ya jera aikatau da sifofin da aka jingina wa kowane ɓangare, zai ga inda marubucin ya tsaya ko da bai faɗa ba.

Ƙauyuka da garuruwan bakin iyaka sun fi fada shan wannan mantuwa. A watan Janairun 1851 Heinrich Barth ya bi ta Tasawa zuwa Gazawa, ya kwatanta ta da gari mai shinge da ganuwa a bakin dajin da ya raba ƙasar Maraɗi da Katsina, ya kuma wuce ta kufan Dankama kafin ya isa birni. Wannan daji ba haka Allah ya bar shi ba, yaƙi ne ya kore mutanensa. Yau gonaki ne da garuruwa. Wa ya sare shi, daga ina suka zo, a zamanin wane sarki, da izinin wa? Amsar tana cikin sunayen ƙauyuka masu farawa da Gidan wane da Ɗan kaza, tana cikin kirarin masu gari, da taken makaɗa, da labarin rijiyar farko. Gangara, wadda take cikin gundumar Agye kafin a yanke Gazawa a 2011, tana tsakiyar wannan tarihi, haka ma maƙwabtanta. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ƙara raba takardun: rabi da Faransanci a Yamai, rabi da Ingilishi a Kaduna. Rubutun Faransanci kuma ya shafe sautuka, har Tsibiri ta zama Tibiri a taswira, Maraɗi ta rasa lanƙwasarta.

Sai dai akwai tarko, kuma masu adawa da irin wannan aiki ba su rasa hujja ba. Suna cewa sake duba tarihi kan ƙare da juya hoto kawai, mugun jiya ya zama gwarzon yau. Haɗarin gaskiya ne. Rundunonin Maraɗi sun ƙone garuruwa, sun kama talakawa sun sayar, kamar yadda rundunonin kudu suka yi a arewa. Jikokin waɗanda aka kama suna nan a ɓangarorin biyu. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu darasi ne: ta fuskanci rundunar Voulet da Chanoine a 1899, amma hoton da yawancin matasa ke da shi nata ya fito ne daga littafin ƙirƙira na Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Adabi ya yi nasa aikin, ya yi shi da kyau. Ɗalibin da ya kawo shi a matsayin hujjar tarihi ya musanya wata rashin fahimta da wata ne kawai. Girmama Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da karatunsa ba ya hana a kira abokan hamayyarsa da sunan da suke kiran kansu, kiran su da sunansu kuma ba ya wanke su daga abin da suka aikata.

Abin da sashen nazarin harshe zai iya bayarwa a fili yake. Na farko, a naɗi muryoyin dattawa, maza da mata, tare da rubuta wanda ya faɗa, da inda ya ji, da ranar da aka naɗa. Na biyu, a rubuta magana yadda aka furta ta. Tsohon da ya ce "sabka" da "zamna" da "hwari", kada a gyara masa su koma "sauka" da "zauna" da "fari", domin biyun farko sun ma fi na Kano tsufa, karin harshe kuma shaida ne kan inda mutum ya fito. Na uku, a rarrabe kirari da ruwaya: maroƙi ba ƙarya yake yi ba, sana'arsa ce ke da ƙa'idojinta, mai nazari ne ya kamata ya san su. Na huɗu, a ajiye kwafi inda wani zai same shi. Cibiyar CELHTO da ke Yamai don adana adabin baka aka kafa ta, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma tana cikin Maraɗi kanta.

Malamai ma suna da nasu rabo. Kundin da ya yi amfani da "Haɓe" ko "arna" ba tare da ya faɗi bakin wa kalmar ta fito ba, ya kamata a mayar wa mai shi ya gyara, kamar yadda ake mayar da wanda ya yi kuskuren nahawu. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka sake gina wani a kan tudu. Abin da ke cikin kan dattawan Gangara da Gazawa da Tsibiri ba a sake gina shi in ya tafi, kuma kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa naɗar hirar awa biyu, hutun ƙarshen shekara kuma ya isa a fara da ƙauye ɗaya.